Gwajin kumburi na jini ko hoton jijiyoyin zuciya: wanne za ka fara kashe wa kuɗi a Legas?

Baffana ya haura shekara ashirin yana sayar da albasa a kasuwar Mil 12. Wata ranar Lahadi bayan la'asar ya zo gidana a Agege, ko gaisuwa ba mu gama ba ya zaro wata takarda daga aljihun gaban rigarsa, an ninke ta gida huɗu, ya miƙo mini. Sakamakon gwajin jini ne. An ja layi da jan biro a ƙarƙashin wuri ɗaya: CRP, wato gwajin kumburi na jini, 14. Wanda ya ba shi takardar ya ce masa wannan lamba tana nufin jijiyoyin zuciyarsa sun toshe ƙwarai, sannan ya rubuta masa wasu gwaje-gwajen jini har biyar da zai dawo ya biya.

"Ɗana, kai ne ka san aikin jini. In sun toshe ka faɗa mini gaskiya, in tattara in koma gida cikin iyalina."

Na ce, "Baffa, yaushe rabonku da zazzaɓi?"

Ya ce ai washegarin da ya gama shan maganin maleriya aka ɗebi jinin.

"Ƙirjin fa? Yana yi muku ciwo?"

Sai ya yi shiru, yana jan carbi. Can ya ce wata uku ke nan in yana hawa gadar tsallaka titi sai ya tsaya a tsakiyar matakala, domin wani abu yakan danne masa ƙirji kamar an aza masa buhu, har nauyin ya gangaro hannun hagu. In ya jingina da ƙarfen gadar ya huta minti uku ko huɗu, sai ya sake shi. Shi a zatonsa olsa ce, ruwan maganin olsa yake ta sha.

Aikina ke nan, ɗibar jini da awonsa, kuma wannan amsa ta biyu ta fi lambar 14 tayar mini da hankali nesa ba kusa ba. Tun daga ranar nake son in zauna in rubuta wa 'yan'uwanmu da ke Agege, Idi-Araba, Obalende, Alaba Rago da sauran unguwanni bambancin gwaje-gwajen nan, saboda kuɗin da mutum zai kashe ƙayyadadde ne, in ya tafi a inda bai dace ba, to ba lallai a samu na inda ya dace ba.

Zuciya tana tura jini ko'ina a jiki, amma ita ma tana da jijiyoyin da ke ciyar da namanta. Biyu ne suke fitowa, ta dama da ta hagu, ta hagun kuma ta rabu biyu, shi ya sa za ka ji likita yana cewa jijiya ɗaya, biyu ko uku ta kamu. Shekara da shekaru kitsen jini, wanda ake kira kolestarol, yana kutsawa cikin bangon jijiyar. Fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, sai su bi shi su haɗiye, su mutu a wurin, abin ya taru ya zama kamar maruru a ƙarƙashin fatar jijiyar ta ciki. Wannan fafatawa ta sojojin jiki ita likitoci suke nufi da kumburi a nan, ba kumburin ƙafa ko na fuska da ido ke gani ba. A 1999 wani masani ɗan Amurka, Russell Ross, ya fito ƙarara ya kira ciwon nan cutar kumburi, kuma yawancin masana sun tafi a kan haka.

Wanda ya taɓa yin maruru ya san tambaya biyu ake yi a kansa: girmansa nawa, kuma ya nuna ko bai nuna ba? Haka abin yake a jijiyar zuciya. Girman marurun shi ke tsuke hanyar jini, shi ke sa Baffa tsayawa a tsakiyar gada. Nunarsa kuwa ita ke sa ya fashe rana ɗaya, jini ya daskare a kansa ya rufe hanya gaba ɗaya, a ce mutum ya samu bugun zuciya. Maruru ƙarami mai siririyar fata yana iya fashewa, babba mai taurin fata ya zauna shekaru bai fashe ba. Hoto yana amsa tambayar farko. Gwajin kumburi na jini yana ɗan haska ta biyu, shi ma daga nesa.

In likita ya ce ciwon ya yi tsanani, ga abin da yake nufi. Jijiyar da ta tsuke da kashi 70 cikin 100 ko fiye ana ɗaukarta babbar matsala, in kuwa uwar jijiyar hagu ce kafin ta rabu, kashi 50 ma ya isa. Akwai lissafin da Goffredo Gensini ya fitar a 1983, inda tsukewar kashi 25 take cin maki 1, kashi 50 maki 2, kashi 75 maki 4, kashi 90 maki 8, kashi 99 maki 16, rufewa ruf maki 32, sannan a ninka gwargwadon muhimmancin wurin. Akwai kuma lissafin SYNTAX da ke taimaka wa likitoci su zaɓa tsakanin buɗe jijiya ta bututu da yin tiyata: 22 zuwa ƙasa mai sauƙi, 23 zuwa 32 matsakaici, 33 zuwa sama mai sarƙaƙiya. Duka biyun daga hoton jijiya ake ƙirga su. Babu gurbin CRP a cikinsu ko ɗaya.

To daga ina maganar ta samo asali? Gaskiya ne bincike da yawa sun nuna cewa idan aka tara mutane masu babban makin Gensini aka auna jininsu, matsakaicin alamomin kumburinsu yakan fi na masu ƙaramin maki. Amma wannan magana ce ta taro. Kowa ya san watan Yuni ya fi Janairu ruwa a Legas, sai dai sanin hakan ba zai gaya maka ko an yi ruwa a Ketu yau da safe ba. Akwai masu jijiya uku a tsuke da CRP ɗinsu lafiya lau, akwai masu CRP a sama da jijiyoyinsu fes.

CRP sinadari ne da hanta ke zubawa cikin jini idan ta samu saƙon cewa akwai faɗa a wani wuri a jiki. William Tillett da Thomas Francis ne suka gano shi a Amurka a 1930, a jinin masu ciwon nimoniya. Yana fara tashi cikin sa'o'i kaɗan, ya kai ƙololuwa wajen kwana biyu, in abin da ya tayar da shi ya wuce ya sauko. Ba ya faɗin inda faɗan yake. Maleriya tana ɗaga shi, taifot, tarin fuka, ciwon haƙori da ruɓewar dasashi, gyambon ƙafa, ciwon gaɓɓai, mura mai ƙarfi, duk suna ɗaga shi. Ƙiba da shan taba suna riƙe shi a ɗan sama kullum. A garin da sauro ba ya hutu kamar wannan, duk wanda zai karanta CRP bai tambaye ka rabonka da zazzaɓi ba, karatunsa bai cika ba.

Gwajin iri biyu ne, kuma a nan mutane da yawa suke asarar kuɗi. Akwai CRP na gama-gari, wanda aka yi don neman babban kumburi irin na ƙwayoyin cuta. Akwai kuma mai zurfin gani, wanda ake rubutawa hs-CRP, shi ne yake iya bambance 0.8 da 2.5, kuma shi ne na maganar zuciya. A 2003 ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar suka kafa masa ma'auni: ƙasa da 1 haɗari kaɗan, 1 zuwa 3 matsakaici, sama da 3 mai yawa. In ya haura 10, a ajiye sakamakon a nemi wata cuta, a sake bayan mako biyu. Ko da lafiya ƙalau, sun so a auna sau biyu, mako biyu tsakani. Waɗannan lambobi na miligiram a lita ne, ana rubuta mg/L. Wasu ɗakunan gwaji da mg/dL suke rubutawa, kuma 1 a can daidai yake da 10 a nan. Ka duba haruffan da ke gefen lambar kafin gabanka ya faɗi. Ba a buƙatar azumi kafin a ɗebi jinin.

Ba na so a fahimce ni kamar ina raina gwajin. Inda yake da ƙarfi, yana da ƙarfi sosai, wato hangen abin da ke tafe. A 1997 Paul Ridker da abokan aikinsa suka nuna cewa a cikin likitoci maza masu lafiya da aka bi shekaru, waɗanda CRP ɗinsu ya fi yawa sun ninka waɗanda nasu ya fi ƙanƙanta kusan sau uku wajen samun bugun zuciya. A 2008 binciken JUPITER ya ɗauki mutum 17,802 waɗanda mugun kitsen jininsu bai kai 130 ba amma hs-CRP ɗinsu ya kai 2 ko fiye. Rabinsu aka ba su maganin rage kitse, rosuvastatin, sai aka ga bugun zuciya, shanyewar ɓarin jiki da makamantansu sun ragu da kashi 44 cikin 100. A 2024 kuma aka fitar da sakamakon bin mata 27,939 har shekara 30, inda awo ɗaya tak na hs-CRP tun farko ya nuna waɗanda suka fi shiga haɗari bayan shekaru masu yawa. Duk waɗannan magana ce ta gobe da jibi, ga mutumin da bai fara jin komai ba. Sannan binciken gado ya nuna cewa mutanen da aka haifa da CRP mai yawa a jininsu ba su fi kowa ciwon zuciya ba saboda hakan. CRP ɗan aike ne, ba shi ke ɓarnar ba.

Na biyun da ake yawan ambata shi ne NLR. Wannan ba gwaji ne mai zaman kansa ba. Idan an yi maka cikakken ƙirgen ƙwayoyin jini, wanda kusan duk mai zazzaɓi ake yi wa, za ka ga adadin fararen ƙwayoyi iri biyu, niyutirofil da limfosayit. A raba na farko da na biyu, shi ke nan an samu NLR. Kada ka biya masa kuɗi daban. Amfaninsa ya fi fitowa a gadon asibiti: wanda aka kwantar da bugun zuciya, in NLR ɗinsa ya yi sama sosai, likitoci sukan ƙara sa masa ido. Amma babu wata lamba guda da duniya ta amince a kanta, kuma mu 'yan Afirka ta Yamma muna da wani dalili na musamman. Yawancinmu jajayen ƙwayoyin jininmu ba su da wata alama da ake kira Duffy, abin da yake ba mu kariya daga wani nau'in maleriya mai suna vivax. Masu wannan halitta adadin niyutirofil ɗinsu a jini yakan yi ƙasa da na Turawa ko mutanen Asiya, alhali lafiyarsu ƙalau. Ke nan lambar da aka yanke a Turkiyya ko Sin, in aka ɗora ta a kan jinin Bahaushe ko Bayarabe, tana iya nuna komai lafiya a inda ba lafiya ba. Ina ganin wannan kullum a kan takardun da ke bi ta hannuna.

ESR, wanda ake zuba jini a siririn bututu a jira awa ɗaya a ga yadda jajayen ƙwayoyi suka kwanta, ya fi duka araha, kuma ya fi duka rashin amfani a wannan magana. Ƙarancin jini, tsufa da juna biyu suna ɗaga shi, sikila tana saukar da shi. Wasu alamomin kumburi biyu kuwa, fibirinojin da IL-6, duk da cewa IL-6 shi ne saƙon da ke sa hanta ta yi CRP kuma yana da hannu a cutar kanta, sun fi zama kayan masu bincike. Da wuya sakamakonsu ya sauya maganin da likita zai rubuta maka.

Akwai gwajin jini guda da ba na kumburi ba ne amma ana yawan cakuɗa su, turofonin. Shi yana fitowa ne daga naman zuciya idan ya ji rauni. Na gaggawa ne, na wanda ƙirjinsa ke ciwo yanzu, kuma a asibiti ake yin sa tare da ECG, wato awon bugawar zuciya da wayoyi, a maimaita bayan 'yan sa'o'i.

Yanzu ɗaya ɓangaren, gwaje-gwajen da ke duban zuciyar kanta.

ECG shi ne na farko kuma mai sauƙin kuɗi: a manna maka wayoyi a ƙirji da hannu da ƙafa, cikin 'yan mintuna takarda ta fito. Yana nuna bugun zuciya da ke faruwa, ko tabon wanda ya wuce, ko kaurin zuciya na hawan jini. Amma mutum yana iya kwanciya da jijiya a tsuke ECG ɗinsa ya fito lafiya, tunda a kwance zuciyar ba ta neman jini mai yawa. Saboda haka ake yin na kan injin tafiya, a sa ka kana sauri wayoyin suna jikinka. Shi ma a cikin kowane mutum uku masu tsukewar jijiya kamar biyu yake kamawa, kuma in hawan jini ya riga ya kaurara zuciyar, karanta shi yakan yi wuya.

Eko, hoton zuciya irin wanda ake yi wa masu ciki, ba ya ganin jijiyoyin, amma ina ba shi muhimmanci ƙwarai a ƙasar nan. Wani bincike da aka fitar a 2012 kan marasa lafiya 1,006 da zuciyarsu ta gaza, a ƙasashen Afirka 9 har da Najeriya, ya samu cewa hawan jini ne sanadi a kusan kashi 45 cikin 100, toshewar jijiyoyin zuciya kuwa ba ta kai kashi 8 ba. Ke nan wanda ke haki, ƙafa na kumbura, ba ya iya kwanciya sai da matashi uku, abin da ya fi kusa shi ne hawan jini ya gajiyar da zuciyar, kuma eko ne zai nuna. Ciwon jijiyoyin yana ƙaruwa a biranenmu, wannan ba shakka, amma kada tsoronsa ya sa a manta da wanda ya fi kashe mu.

Sai hoton CT, na injin da ake shigar da mutum ya ɗauki hoton cikin jiki, shi ma iri biyu. Na farko yana ƙirga allin da ya taru a bangon jijiyoyin, domin tsohon maruru yakan ƙanƙare ya yi tauri. Arthur Agatston ne ya tsara makinsa a 1990. Ba a yin allurar rini, mintuna kaɗan ne an gama. Maki 0 albishir ne babba ga mai matsakaitan shekaru da ba ya jin ciwo, sama da 100 yana nufin cutar ta zauna, ɗari uku zuwa sama ta yi yawa. An taɓa gwada shi kafaɗa da kafaɗa da hs-CRP. A 2011 masu binciken MESA a Amurka suka ware mutum 950 da suka yi daidai da irin mutanen JUPITER, wato duk hs-CRP ɗinsu ya kai 2. Kusan rabinsu makin allinsu 0 ne, kuma da ƙyar aka samu wanda wani abu ya same shi a cikinsu. Kusan kashi uku cikin huɗu na matsalolin zuciyar da suka faru, a cikin rubu'in da makinsu ya haura 100 suka faru. A wajena wannan ya raba gardama: in kana da halin ɗaya kawai kuma tambayarka ita ce ko cutar ta fara, hoton alli ya fi gwajin jini faɗin gaskiya a kanka kai kaɗai. Rauninsa shi ne ba ya ganin ɗanyen maruru da bai yi tauri ba, don haka maki 0 ba ya wanke wanda ƙirjinsa ke ciwo, musamman mai ƙananan shekaru.

Na biyun ana yin sa da allurar rini ta jijiyar hannu, ya fito da hanyar jinin kanta. Kafin a yi sai an duba ƙoda, saboda rinin yana iya wahalar da mai raunin ƙoda, sau da yawa kuma sai an ba ka ƙwayar da za ta rage gudun zuciya, sannan ka riƙe numfashi na 'yan daƙiƙai. Ƙarfinsa shi ne in ya ce jijiyoyinka a buɗe suke, to ka kwantar da hankalinka. A ƙasar Sikotland an bi mutum 4,146 masu ciwon ƙirji, aka fitar da sakamako a 2018: cikin shekara biyar, mutuwa ta ciwon jijiyoyin zuciya ko bugun zuciya ta sami kashi 2.3 cikin 100 na waɗanda aka yi wa hoton, kashi 3.9 na waɗanda ba a yi wa ba. Dalili kuwa, da aka ga cutar da ido sai aka fara magani da wuri.

Na ƙarshe shi ne anjiyogiram. A kashe maka fatar wuyan hannu ko ta matsematsi, a zura siririn bututu ta jijiya har bakin jijiyoyin zuciya, a fesa rini ana kallo a allo, kai kuma idonka biyu. Tun 1958 da Mason Sones ya fara shi a Amurka, shi ne alƙalin tsananin cutar, kuma a zama ɗaya ana iya buɗe wurin a sa 'yar ragar ƙarfe ta riƙe shi. Ya fi duka tsada da nisa, ba kowane asibiti ke da ɗakinsa ba, kuma yana da haɗarinsa, ko da yake ba kasafai ba. Ga mai bugun zuciya, ceton rai ne. Ga wanda ciwonsa ke zuwa da aiki ya tafi da hutu, ba dole ne a fara da shi ba. Binciken ISCHEMIA na mutum 5,179, wanda aka fitar a 2020, ya nuna cewa a irin waɗannan, garzayawa a buɗe jijiya bai rage mutuwa ba idan aka kwatanta da riƙe magani da kyau, sai dai ya fi rage ciwon ƙirjin. Ba a sa masu matsalar uwar jijiyar hagu a binciken ba, su hukuncinsu daban.

To wa zai zaɓi me?

Wanda ƙirjinsa ya danne yana zaune, ya wuce minti goma sha biyar bai sake shi ba, ga gumi, ga tashin zuciya ko haki, babu wani zaɓi a gabansa. Kada ya je ɗakin gwaji, kada ya je kemis, kada ya ce bari a idar da sallah ko a rufe shago. Asibiti mai sashen gaggawa da ECG, yanzu. A Legas ana kiran 112 ko 767. In ba ya da matsalar zubar jini kuma asfirin ba ya yi masa illa, ya tauna miligiram 300 a hanya. Naman zuciya yana mutuwa ne awa bayan awa, kuma mun san abin da cunkoson titin Ikorodu yake yi wa awa. Masu ciwon suga, tsofaffi da mata su kula, nasu yakan zo ba da ciwo sosai ba, sai kasala, haki ko zafi a saman ciki kamar olsa.

Wanda yake kamar Baffa, ciwo da hawan gada ko ɗaukar kaya, sauƙi da hutu, kuɗinsa na farko na ganin likitan zuciya ne. Asibitin koyarwa na Idi-Araba da na Ikeja duk suna da sashen zuciya, akwai kuma masu zaman kansu. ECG, awon hawan jini, suga, kitse da ƙoda, galibi da eko, sannan likita ya zaɓa tsakanin injin tafiya, CT mai rini da anjiyogiram. A wannan mataki hs-CRP ko ya fito 0.5 ko ya fito 5, hanyar ba za ta sauya ba, don haka ban ga dalilin sa shi a gaba ba. In kana da inshorar lafiya, ta tarayya ko Ilera Eko ta jiha, tambayi abin da take ɗauka tun kafin a rubuta maka ranar hoto.

Wanda ba ya jin komai, amma ya haura arba'in, ko mahaifinsa ya rasu farat ɗaya da ƙuruciya, ya fara da masu araha waɗanda aka tabbatar su ke kawo cutar: hawan jini, suga, kitse, taba, tumbi. Wani babban bincike a ƙasashe 52 da aka fitar a 2004 ya nuna abubuwa tara irin waɗannan, har da rashin motsa jiki da damuwa, su ke ɗauke da kusan kashi 90 cikin 100 na haɗarin bugun zuciya na farko. In bayan an auna su likita yana wasiwasi ko ya fara maka maganin kitse ko ya dakata, nan ne gurbin hs-CRP, in ya kai 2 sai ya rinjayar da sikeli. Ka je kana lafiya, aƙalla mako biyu bayan zazzaɓi. Mai hali ya yi hoton alli.

Wanda kuma an riga an tabbatar masa da cutar, yana shan magani, kitsensa ya sauka, shi ma hs-CRP yana iya yi masa amfani, domin ya nuna ko sauran wuta a ƙarƙashin toka. A 2017 binciken CANTOS na mutum 10,061 da suka taɓa samun bugun zuciya ya nuna cewa allurar da ke kashe kumburi kawai, ba ta taɓa kitse ba, ta rage sake faruwar matsala da kusan kashi 15 cikin 100, amma ta ƙara mutuwa ta hanyar ƙwayoyin cuta. Tsohon maganin nan na kashe kumburi, kolcisin, rabin miligiram a rana, ya nuna amfani a manyan bincike biyu a 2019 da 2020, Amurka ta amince da shi don zuciya a 2023, sai kuma wani babban bincike a 2024 bai ga amfaninsa ba. Maganar likita ce, ba ta kemis ba, domin yana da haɗari ga mai ciwon ƙoda ko hanta, kuma ba ya jituwa da wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne wanda zai ji kalmar kumburi ya wuce kemis ya sayi maganin kumburi. Diclofenac da ibuprofen, waɗanda masu dako da masu tura baro suke sha kamar gyaɗa saboda ciwon jiki, suna ƙara haɗarin bugun zuciya, suna ɗaga hawan jini, suna cin ƙoda. Dexamethasone da prednisolone suna ɗaga suga da jini. Ko sun saukar da lambar da ke kan takarda, marurun yana nan.

Baffa bai koma ya biya gwaje-gwajen nan biyar ba. Ranar Talata na raka shi wajen likitan zuciya. ECG ya nuna kaurin zuciya, jininsa ya hau, sugansa yana bakin iyaka. Bayan mako uku, don hankalinsa ya kwanta, na sake auna masa hs-CRP da hannuna, ya fito 1.8. Ya yi murna har ya ce a fasa hoton. Na ce, "Baffa, ku yi haƙuri, gadar ba ta daina tsayar da ku ba." Yaransa da abokan kasuwa suka haɗa kuɗi aka yi CT mai rini, aka ga jijiya biyu sun tsuke, ɗaya sosai, uwar jijiyar hagu kuwa lafiya.

Likita ya ɗora shi a kan asfirin, maganin kitse, na hawan jini da mai rage gudun zuciya, ya ba shi 'yar ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe in ciwon ya taso. Ya ja masa kunne a gabana cewa wannan ƙwaya ba ta haɗuwa da maganin ƙarfin maza, ko na kemis ko na cikin shayi da ake sayarwa a tasha, domin jini yana iya faɗuwa warwas. Ya ce a dawo bayan wata uku, in ciwon bai lafa ba ko ya fara zuwa yana zaune, za a yi anjiyogiram. Yanzu Baffa ya bar ɗaga buhu, yaro ya ɗauka yana yi masa. Ƙwayar tana cikin aljihun gaban rigarsa, inda takardar nan take da, ranar komawa asibiti kuma na rubuta masa ita a bangon littafin bashinsa, tunda shi ne littafin da yake buɗewa kullum.